Daga Kano zuwa Akra da jaka ɗaya a baya: yadda ake shirya tafiyar mutum shi kaɗai

Fataken Kano sun daɗe suna bin hanyar Gwanja da jakuna, su kai kanwa da tufafi, su ɗauko goro daga kasuwar Salaga. Daga zangon da suka riƙa yadawa a hanya aka samo sunan unguwannin da har yau ake kira Zango a Kwatano, Lome, Akra da Kumasi. Saboda haka matashin Kano da ya ɗauki jakar goyo zai zaga ƙasashen Benin, Togo da Gana shi kaɗai yana da gatan da Baturen yawon buɗe ido ba shi da shi: kusan duk babban garin da ya sauka zai samu mai jin Hausa. Sai dai wannan gata ba ya hana a tsare ka a kan iyaka idan takardunka ba su cika ba, ba ya kuma dawo da kuɗin da aka yanke daga aljihunka. Hanyar da muka fi ba sabon matafiyi shawara ita ce ta bakin teku: Kano, Legas, Seme (iyakar Najeriya da Benin), Kwatano, Lome, Aflawo (garin Gana na kan iyakar Togo), Akra. Kwana goma sha huɗu zuwa ashirin sun wadatar.

Takardu tukuna, kafin a yi zancen jaka

Ɗan Najeriya yana shiga ƙasashen ECOWAS ba biza, ya zauna har kwana 90. Benin, Togo da Gana duk suna ciki. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, kuma ga matsalar tsaro a hanyoyinsu, shi ya sa ba mu so mutum ya fara gwada tafiyar kaɗaici ta can. Kamaru da Chadi kuwa dama ba sa cikin ECOWAS, dokokinsu daban ne.

Fasfo shi ne na farko. Ana cike takardar nema a shafin hukumar shige da fice ta intanet, a biya kuɗi, sannan a je ofishin fasfo, kamar na Farm Centre, a ɗauki hoto da zanen yatsu. Akwai mai shafi 32 na shekara biyar, akwai mai shafi 64 na shekara goma. Abin da ya fi jawo jinkiri shi ne saɓani tsakanin sunan da ke kan NIN da wanda ka rubuta: Muhammad a nan, Mohammed a can, ko ranar haihuwa ta bambanta. Gyara wannan kafin ka biya kuɗi. Idan kana da tsohon fasfo, duba ranar ƙarewarsa, ya zama da sauran aƙalla wata shida a ranar da za ka tashi. Duba shafukan da ba a buga komai a kansu ba kuma, domin tafiya da dawowa ta wannan hanya za su ci tambari goma sha biyu: iyaka uku, kowace da na fita da na shiga, sau biyu.

Na biyu shi ne katin rigakafin shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne ke bayarwa, kuma akwai shi a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ana rajista da biyan kuɗi ta intanet, a je a yi allurar, a ba ka kati mai lambar da ake iya tantancewa da waya. Abu biyu za ka riƙe. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, don haka kada ka bari sai ana gobe tafiya. Sannan tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba a sabunta ta bayan shekara goma kamar da. Wanda ya ce zai yi maka kati ba allura cutar ka zai yi sau biyu: za a iya gane na jabu ne a kan iyaka, kuma jikinka bai samu kariya ba.

Ka yi kwafin shafin fasfo mai hoto da na yalo kad guda uku-uku. Ɗaya a ƙasan jaka, ɗaya a jikinka nesa da fasfon, ɗaya a bar shi a gida wajen wanda zai ɗaga waya ko da tsakar dare. Ka ɗauki hotonsu ka tura wa kanka ta imel. Ka tafi da ƙananan hotuna huɗu. Ranar da fasfo ya ɓata za ka san amfaninsu.

Kuɗi

Benin da Togo suna amfani da sefa ta Afirka ta Yamma, Gana kuma sidi. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, shi ya sa ba ta hawa da sauka kamar naira. A Wapa, kasuwar 'yan canji ta Fagge, za ka samu sefa kafin ka bar Kano, kuma ya fi maka sauƙi ka yi canji a nan, a zaune, wajen wanda kake iya komawa gobe, da ka yi shi a tsaye a kan iyaka mutum biyar suna magana a kanka. Ka tabbatar ta Yamma aka ba ka. Sefar Kamaru da Chadi darajarsu ɗaya, amma takardunsu daban ne, mai shago a Kwatano ba zai karɓa ba. Ka roƙi ɗan canjin ya haɗa maka da ƙanana, 500, 1,000 da 2,000. Matsalar canji a ƙasashen sefa babba ce; ka miƙa wa ɗan acaɓa takardar 10,000 a kan hayar ɗari biyar, za ku daɗe a tsaye.

Sidi kuwa sai ka isa Aflawo ka canja kaɗan na mota da abinci, sauran ka bari sai Akra, a shagunan canji masu lasisi. Dala ɗari ko biyu ta zama ajiyar da ba a taɓawa sai larura. Sabbin takardu za ka nema, marasa yagewa ko tabon biro, domin ana ƙin tsofaffi ko a karya farashinsu. Kada ka dogara da katin bankin naira. Je bankinka ka tambaya ko katin yana aiki a waje, da iyakar abin da zai cire.

Raba kuɗin gida uku. Na kashewar yau a aljihun gaba. Mafi yawa a siririyar jakar ɗamara ƙarƙashin riga, tare da fasfo, a cikin leda saboda gumi. Na ukun a ɗinke shi cikin wando ko a ɓoye a wani lungun jaka. Jakar ɗamara ba a buɗe ta a gaban mutane. Idan na aljihu ya ƙare, shiga banɗaki ka ƙaro.

Jakar kanta

Mai cin lita 35 zuwa 45 ta isa, kuma idan ta cika kada ta wuce kilo goma. A 'yan gwanjon Ƙofar Wambai ana dacewa da jakunkuna masu ƙwari fiye da sababbin da ake sayarwa da araha. Ja zif ɗin sau da yawa, duba ɗinkin inda hannayen suka haɗu da jikin jakar, nan ne ke fara tsinkewa. Lallai ta kasance da maɗaurin ƙugu mai kauri, domin ƙugu ne ya kamata ya ɗauki nauyin, ba kafaɗa ba. Kai ta wajen mai gyaran takalmi ya ƙara mata ɗinki da zaren roba kafin tafiya. Wajen shiryawa, abu mai nauyi ya zauna a tsakiya, manne da bayanka, marar nauyi a ƙasa, abin da za ka buƙata a hanya a sama.

Riguna uku, wando biyu, kaftani ɗaya marar nauyi saboda Juma'a da gaishe da manya, kayan ciki huɗu, silifas, takalmin da ƙafarka ta riga ta saba da shi, siririyar darduma, zanin gado ɗaya, tocila, kwaɗo biyu ƙanana, igiyar shanya da sabulun wanki. Iskar bakin teku tana da laima sosai, kayan da ke bushewa cikin awa ɗaya a Kano sai su kwana da danshi a Lome, don haka yadi mai kauri wahala ne. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ake yi mai yawa a can. Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin tafiya. Kada ka saka komai mai zanen kakin soja, ko hula ce, domin haramun ne ga farar hula a Gana kamar yadda yake a nan. Soket ɗin Benin da Togo mai rami biyu zagayayyu ne irin na Faransa, cajar mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da adafta. Na Gana irin namu ne.

Magani: farasitamol, gishirin zawo na ORS sacet shida, filasta, maganin sauro na shafawa, da kwalin maganin maleriya na ACT wanda ka saya a kemis mai rajista. Kowane magani ya zauna a kwalinsa na asali. Taramol da maganin tari mai kodin kada su kusanci jakarka.

Daga Kano zuwa Seme

Manyan motocin Legas suna tashi daga New Road a Sabon Gari. Tafiyar ta haura kilomita dubu, kuma ka sa a ranka za ta ci yini da kwana. Wanda aljihunsa zai iya, ya hau jirgi zuwa Legas ya adana ƙarfinsa. Sai dai batirin cajin waya a jakar hannu ake riƙe shi, ba a awo da shi. A mota, babbar jaka ta shiga but a kan idonka, ƙaramar da ke da waya da caja ta zauna a cinyarka. Ka kwana a Legas, a Agege ko Idi Araba inda 'yan Arewa suke da yawa, da asuba ka nufi Mile 2 inda ake samun motocin Badagiri da Seme. Dalilin sammakon shi ne ka tsallaka iyaka da rana tsaka, ka shiga Kwatano kafin la'asar. Kusan duk wata asara da ke samun sabon matafiyi tana faruwa ne idan ya sauka a garin da bai sani ba bayan magariba.

Tsallaka iyaka

A nan za mu daɗe, domin a nan ake yawan kuskure. Kowace iyaka matakai iri ɗaya ne: jami'an lafiya su duba yalo kad, jami'an shige da fice na ƙasar da za ka bari su buga maka tambarin fita, ka taka zuwa ɓangaren ɗaya ƙasar a buga na shiga, kwastan su duba jaka idan sun ga dama. Tun kafin ka sauka daga mota 'yan kamasho za su kewaye ka, wani ma da Hausa zai yi maka magana, ya ce kawo fasfo ya gama maka komai cikin minti biyar. Fasfonka kada ya bar hannunka sai zuwa hannun mai kaki da ke zaune a bayan kanta. Wasu kuma za su ce ka hau babur a bi da kai ta bayan gari, ba sai an buga komai ba, ai kowa haka yake yi. Masu zirga-zirgar yau da kullum suna yin haka, amma kai da za ka ci gaba har ƙasa ta uku, rashin tambarin shiga Benin zai bayyana a Hilakonji lokacin da za ka fita zuwa Togo, kuma a nan ka zama wanda ya shiga ƙasa ba bisa ƙa'ida ba. Abin da za ka biya don ka fita daga wannan ya ninka abin da ka guje wa.

Da an miƙo maka fasfo, kada ka matsa sai ka buɗe ka ga tambarin da idonka: kwanan watan daidai ne, kuma kwana nawa aka rubuta maka. Wani lokaci jami'i yakan rubuta kwana 30 ko 60, kuma abin da ya rubuta shi ne zai yi aiki a kanka, ba 90 ɗin da ka karanta ba.

Za a tambaye ka inda za ka sauka. Ka riƙe sunan masauki da lambar waya a rubuce a takarda. Za a iya neman ka ba da wani abu, musamman idan fasfon sabo ne ba a taɓa buga masa tambari ba. Yarjejeniyar ECOWAS ba ta ɗora kuɗi a kan wannan ba. Ka yi gaisuwa, ka tambaya cikin ladabi ko akwai rasit, ka nuna ba sauri kake yi ba; sau da yawa haƙuri na minti goma yana rage abin da aka faɗa ko ya kawar da shi. Ɗaga murya bai taɓa taimakon kowa a wannan wuri ba. Kada ka ɗauki hoto a kan iyaka, ko a gaban barikin soja da ofishin jandarma.

Sai babbar doka: ba ka riƙe wa kowa saƙo. Ko tsohuwa ce ta ce ɗan ƙullin yaji ne za ka miƙa wa 'yarta a Lome, ka ba ta haƙuri. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, bayan wasu miyagu sun manna sunanta a jakar ƙwaya da ba tata ba. Sai a Afrilun 2019 aka sake ta bayan gwamnati ta sa baki. Abin da aka samu a jakarka naka ne a idon doka.

Daga Seme zuwa Kwatano bai kai tafiyar awa ɗaya ba idan hanya ta yi kyau. Kwatano zuwa Lome kimanin kilomita 150 ne. Lome a jikin iyakar Gana take, kana iya takawa da ƙafa zuwa Aflawo, daga nan kuma kusan kilomita 200 zuwa Akra. Da ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, haka zai zauna har Gana. Mutane da yawa sun rasa mota ko sun rikita lokacin salla saboda wannan.

Cikin gari

A Kwatano 'yan acaɓa su ne zemijan, masu riga ruwan ɗorawa. A yi ciniki kafin a hau, kuma ka tabbatar kun fahimci juna a kan adadin. Rubuta shi a waya ka nuna masa. Kalmomin Faransanci goma za su yi maka aiki: bonjur kafin kowace tambaya, kombiyan don nawa ne, gar don tashar mota, oberj don ƙaramin masauki mai araha. A Gana Turanci ya isa, ƙananan motocin haya kuma su ne tirotiro. Sayi layin waya na ƙasar a ofishin kamfani da fasfonka, ba a bakin titi ba, ka sauke taswirar garin a waya tun kana da intanet. Babbar kasuwar gari ta cancanci yini guda, amma a cikinta jakarka a ƙirji za ka rataye ta.

Kafin ka biya kuɗin ɗaki ka gan shi: sakata tana aiki, akwai ruwa, taga tana da raga. Abinci ba zai ba ka wahala a Gana ba, domin waakye shinkafa da wake ce, akwai tuwo zafi, akwai koko da ƙosai da safe, kuma masu tsire galibi 'yan Zango ne. A Benin da Togo ka riƙa tambayar irin naman kafin ka ci. Ruwa kuwa na gora ko na leda mai hatimi kawai. Game da salla, a mazhabar Malikiyya ana ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 48, kuma idan ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ɗaya sai ka cika.

Zango da abokan hanya

In ka sauka a gari ba ka san kowa ba, nemi masallacin Zango ka yi sallar jam'i, bayan an idar ka gaida liman, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka. A Akra akwai Nima, Sabon Zango da Madina, a Kumasi akwai Aboabo. Za a nuna maka masauki mai aminci, wani lokaci a kai ka gaida sarkin Zango. Hausarsu ta ɗan bambanta da ta Kano, ba su cika bambance namiji da mace a magana ba. Kada ka gyara wa kowa, kada ka yi dariya. Ka zo da 'yar tsaraba marar nauyi: turare, hula ɗaya ko biyu, dabino. Wanda ya sauke ka a gidansa ba otal ya buɗe ba. Ka sayo burodi ko 'ya'yan itace, ka ci abin da aka ci, ka dawo gida kafin a rufe ƙofa, kuma kada ka wuce kwana uku sai in shi ya matsa.

Abokan mota ma suna da rana. Wanda kuka yi awa biyar kuna zaune tare, kuka raba ruwa da gyaɗa, shi ne zai riƙe maka wuri a layi, ya faɗa maka kuɗin mota na gaskiya. 'Yan kasuwa mata da ke bin wannan hanya duk mako sun fi kowa sanin ta. Ka gaida su da Hajiya ko Mama, ka taya su sauke kaya, za ka ji abin da ba ya cikin taswira. Alamar wanda za ka yi nesa da shi ita ce gaggawa: ya san ka yau, yau ɗin yake son ya san nawa ka zo da shi, ko ya kai ka wani wuri da ba ka nema ba, ko ya kawo zancen zinare mai araha da biza zuwa Turai. Jin Hausa a bakinsa ba shaida ba ce. Kada ka faɗa wa sabon sani lambar ɗakinka, kada ka sha abin da aka buɗe ba a gabanka ba. Mace da za ta yi wannan tafiya, bayan ta daidaita da iyalinta, ta zauna kusa da mata a mota, ta nemi a haɗa ta da gidan liman ko shugabar mata ta Zango, ta kuma guji motar dare gaba ɗaya.

Kowace yamma ka tura wa mutum ɗaya a gida sunan garin da kake, sunan masauki, da inda za ka gobe. Ku yi alƙawari cewa idan ya yi awa 24 bai ji ka ba, ya fara kiran lambobin da ka bar masa.

Idan abu ya ɓaci

Fasfo ya ɓata: je ofishin 'yan sanda mafi kusa ka karɓi rahoto a rubuce, sannan ka nufi ofishin jakadancin Najeriya, akwai a Kwatano, Lome da Akra, da kwafin fasfonka da hotunan nan. Za su ba ka takardar tafiya ta gaggawa, wadda gida kawai take mayar da mutum. Yawon ya ƙare daga nan. An sace waya: kira gida da wayar mai masauki a rufe layinka da manhajar banki nan take, shi ya sa lambobi uku masu muhimmanci suke bukatar zama a takarda. Zawo: ORS bayan kowace fita, in ya ƙare ka haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ka ga jini, ko ya wuce kwana biyu, asibiti. Zazzaɓi: a yi gwajin maleriya a ranar, kada ka ce gajiyar hanya ce. Kuɗi ya ƙare: 'yan canjin Wapa da yawa suna da abokan hulɗa a Zangon waɗannan garuruwa, ana ba su naira a Kano a ba ka sefa ko sidi a can, don haka ka karɓi lambar wanda ka yi canji a wajensa tun kafin ka tashi.

Wajen dawowa ka ware kuɗin mota har Kano tun ranar farko, ka ƙara masa na kwana biyu saboda lalacewar mota. Ka kashe sidinka ko ka canja shi kafin ka bar Aflawo, sefa kuwa Wapa za ta karɓa, ban da tsaba. Ka tabbatar an buga maka tambarin shiga Najeriya a Seme. Da ka isa gida ka kira waɗanda suka sauke ka ka ce ka sauka lafiya, domin suna jira. Idan zazzaɓi ya kama ka cikin makonnin da suka biyo baya, ka faɗa wa likita ƙasashen da ka bi.